Me ya sa ake ce mini in maimaita idan na yi Turanci?

Tambayar doguwa ce, amma ga taƙaitawarta. Mai tambaya yana karanta Turanci ya gane, yana rubutawa ba laifi, amma da zarar ya buɗe baki sai a riƙa ce masa ya maimaita. Yana so ya san dalilin da ya sa ake rubuta harafi a ƙi furta shi, yadda ake furta "th", inda ake sa "a" da inda ake sa "an", da kuma wanda ya fi zama daidai tsakanin Turancin Ingila da na Amurka.

Malam, duk za a zo kansu, amma bari a fara da abin da ba ka tambaya ba, don a nan gizo ke saƙa. Yawancin masu koyo sun ɗauka "th" ce ke tona musu asiri. Ba ita ba ce. A birnin Landan kansa akwai ɗimbin mutanen da ke furta "think" kamar "fink", kuma ba wanda ke kasa gane su. Abin da ya fi sa a ce maka ka sake faɗa shi ne danna gaɓar da ba ita ake dannawa ba.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuya na jiki da wuya ta wahala baƙaƙensu da wasulansu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne ya raba su. Kuma a Hausa kowace gaɓa tana samun haƙƙinta, ana furta wasalinta sarai. Turanci ba ya wannan adalcin. A kowace kalma mai gaɓa biyu ko fiye, akwai gaɓa guda da ake dannawa: ta fi sauran tsawo, ta fi su ƙarfi, murya takan ɗaga a kanta, wasalinta kuma ya fito tas. Sauran gaɓoɓin ana murƙushe su ne a wuce. Kunnen Bature da wannan gaɓar yake gane kalma. Idan ka matsar da ita, ko da duk baƙaƙenka daidai ne, wata kalma daban ya ji.

Dubi waɗannan uku, manyan haruffa na nuna inda ake dannawa: PHOtograph, phoTOgraphy, photoGRAphic. Tushensu ɗaya, amma dannawar tana tafiya, kuma duk inda ta bari wasalin wurin yakan mutu. A ta farko "pho" cikakke ne. A ta biyu ya koma wani ɗan sauti maras siffa da masana ke kira shuwa, wanda ƙamus ke rubutawa da alamar ə. Babu wasalin da ya kai shi yawan fitowa a Turanci. Yadda ake yin sa: ka saki baki, kada ka buɗe shi sosai, kada ka zagaye leɓe, ka fitar da gajeriyar murya. Ya yi kusa da gajeren "a" na Hausa idan an faɗe shi a gurguje. Shi ne a farkon about, a ƙarshen doctor da teacher, a gaɓar farko ta police da today. Rubutu na iya nuna a, e, o ko u, sautin dai shi ne. Wanda ya ce "dok-TO" ya ba gaɓar ƙarshe haƙƙin da ba ta da shi.

Wani lokaci murƙushewar takan kai ga gaɓar ta ɓace ɗungurungum. Comfortable gaɓa uku ake ji a bakin yawancin mutane, interesting uku, different biyu, Wednesday biyu, business biyu.

Akwai ƙa'idojin da ke rage wahalar haddacewa, kuma sun cancanci a zauna a kansu. Kalmar da ta ƙare da -tion, -sion, -ic, -ical ko -ity, gaɓar da ke gab da wannan ɗafin ake dannawa: eduCAtion, deCIsion, ecoNOmic, poLItical, elecTRIcity. 'Yan tawaye kaɗan ne, irin su Arabic da politics, waɗanda ake danna farkonsu. Ɗafin -ee, -eer da -ese shi kansa ake dannawa: refuGEE, engiNEER, JapaNESE, ban da comMITtee. Sai kuma wadda aka fi karyawa: aikatau mai gaɓa uku ko fiye da ya ƙare da -ate, -ise ko -fy. Baki yana son ya danna ƙarshe, ya ce eduCATE. Ba haka ba ne. Ƙirga daga ƙarshe, ka danna ta uku: EDucate, inVEStigate, conGRATulate, ORganise, REcognise, iDENtify. Wannan ƙa'idar ita kaɗai tana gyara ɗaruruwan kalmomi.

Akwai kuma tagwayen da rubutunsu ɗaya, suna ana danna farkonsa, aikatau ana danna ƙarshensa: REcord da reCORD, PREsent da preSENT, OBject da obJECT, PERmit da perMIT. Refuse ta fi su ban sha'awa, don idan ka danna farko shara kake nufi, idan ka danna ƙarshe ƙin yarda. Amma kada a mai da wannan doka ta kowa da kowa: report da reply ƙarshensu ake dannawa ko suna ne ko aikatau, answer da visit kuma farkonsu. Harɗaɗɗen suna ma farkonsa ake dannawa. ENGlish teacher malamin da ke koyar da Turanci ne, English TEAcher kuwa malami ne ɗan Ingila.

Lambobi su ne inda kuskuren ke jawo asara. ThirTEEN 13 ne, THIRty 30 ne, haka har zuwa 19 da 90. A -teen ana jan wasali a kuma rufe da "n" sarai, a -ty ana datsewa. Idan magana ta waya ce kuma adadin na da muhimmanci, Turawan kansu sukan ƙara da "one three" ko "three zero" don a huta.

Abin da ke faruwa cikin kalma yana faruwa cikin jimla. Ƙananan kalmomin nahawu irin su "to", "for", "of", "and", "was" da "can" suna da furuci biyu, cikakke da murƙushashshe, kuma murƙushashshen ne na yau da kullum. "I can go" ana jin "kən" ne a tsakiya, "go" ake dannawa. Idan ka cika wasalin "can" ka danna ta, musamman a gaban Ba'amurke, zai iya jin "can't", wato kishiyar abin da ka faɗa. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake ganin Turawa suna haɗiye magana. Ba sauri suke yi ba, rabin kalmomin ne suke murƙushewa.

To, sai maganar rubutu. Haruffan Turanci 26 ne, amma sautukan daidaitaccen Turancin Ingila wajen 44 ne, baƙaƙe 24 da wasula 20. Tun daga nan ka san riga ta yi wa mai ita kaɗan. Sauran ɓarnar tarihi ne ya yi ta. A shekarar 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila, marubutansu suka shigo da salon rubutunsu da dubban kalmomi. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster, rubutu ya fara daskarewa. Abin takaici, a daidai wannan zamanin, tsakanin wajen 1400 da 1700, dogayen wasulan harshen suna cikin ƙaura. Kafin ƙaurar, "time" da dogon "i" ake faɗarta, "house" kuma "huus", "name" da dogon "a". Baki ya yi gaba, rubutu ya tsaya inda yake. Rubutun boko na Hausa a ƙarni na 20 aka tsara shi, shi ya sa yake bin baki sau da ƙafa. Na Turanci hoton maganar mutanen da suka mutu shekaru ɗari biyar da suka wuce ne.

Haruffan da ba a furtawa iri biyu ne. Wasu a da ana furta su: "k" ta knee da knight, "w" ta write, da "gh" ta night, wadda sauti ce ta maƙogwaro. Wasu kuwa ba a taɓa furta su ba, malamai ne masu ƙaunar Latin suka cusa su don nuna asali. Debt da doubt daga Faransanci suka shigo babu "b". Island ma ba ta da "s" a asalinta.

Ga waɗanda suka fi kama mutane. Kalmar da ta ƙare da -mb, "b" shiru take: comb, climb, bomb, thumb, kuma shirun yana bin ta cikin plumber da climbing. Amma a number, member da timber ana furta ta. "T" shiru ce a listen, castle, whistle da fasten, a often kuwa duka biyun sun halatta. "L" shiru ce a walk, talk, half, calm da could. "W" shiru ce a sword da answer, "p" a receipt da cupboard da psychology. "H" shiru ce a hour, honest, honour da heir, amma ban da hotel da house. Sai -ough, wadda ba ta da magani sai hadda: though, through, thought, tough, cough da bough, sautuka shida daban-daban. "Ch" kuwa asalin kalma ke nuna ta. A kalmomin gida kamar "c" ta Hausa take, irin church. A na Girkanci "k" ce: chaos, chemistry, stomach. A na Faransanci "sh" ce: machine, brochure. Wasu kalmomin kuma ba ƙa'idar da ta ɗauke su: says "sez" ce, women "wimin", bury "beri", colonel furucinta ɗaya da kernel, suite da sweet, kogin Thames kuma "temz". Determine da examine da "min" suke ƙarewa. Ita kanta kalmar pronunciation tsakiyarta "nun" ce, ba "noun" ba.

Yanzu baƙaƙe. Mafi muhimmanci ga mai jin Hausa ba "th" ba ce, "p" da "f" ne. Dalilin shi ne "f" ta Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa takan karkata wajen "p" a bakin wani, wajen "h" a bakin wani, ma'ana ba ta canza ba. A Turanci sautuka biyu ne da ke raba kalmomi: pan da fan, pull da full, pool da fool, copy da coffee. Gyaran na ido ne kafin na kunne, don haka a nemi madubi. Wajen "f", haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa zirarewa, kuma kana iya jan sautin muddin kana da numfashi. Wajen "p", leɓɓa biyu su rufe ruf, haƙori ba ya cikin aikin, sannan su fashe sau ɗaya. Idan ka iya jan sautin, ba "p" kake yi ba. Gwaji na biyu: riƙe siririyar takarda gaban baki ka ce pin. Dole ta motsa, domin "p", "t" da "k" a farkon gaɓar da ake dannawa suna fita da hucin iska. Idan babu hucin, Bature "bin" zai ji. Ka ce spin, takardar ba za ta motsa sosai ba, haka ya kamata. Kuskuren da ke biyo bayan gyara shi ne wuce gona da iri, mutum ya koyi "p" sai ya mai da kowace "f" ta koma "p". Maganinsa a riƙa atisaye da kalmomin da ke ɗauke da duka biyun: perfect, profit, prefer, helpful.

"V" ƙanwar "f" ce. Mafurta ɗaya, haƙori a kan leɓe, sai dai ita mai ziza ce, wato maƙogwaro yana karkarwa wajen furta ta. Ɗora yatsa a maƙogwaro, ka ja "fff" sannan ka kunna murya ba tare da ka motsa baki ba, abin da ya fito "v" ne. Da haka vote ta rabu da boat, very da berry.

"Th" sauti biyu ce a rubutu ɗaya. Maras ziza tana cikin think, three, both. Mai ziza tana cikin this, mother, breathe. Mai jin Hausa yakan mai da ta farko "s", ta biyu "z", sai think ta zama sink, breathe ta zama breeze. Bakin harshe ya taɓa gefen haƙoran sama a hankali, ko ya ɗan leƙo tsakanin haƙora, iska ta wuce ta kansa. Kada a cije shi, idan an cije "t" ko "d" za ta fito. Wanda ya yi tajwidi ya riga ya mallake su, su ne ث da ذ na Larabci, sai dai ya ɗauko su ya kawo nan. Ƙa'ida mai sauƙi: a farkon kalma, ƙananan kalmomin nahawu ne ke da mai ziza, wato the, this, that, they, then, there, though, sauran kusan duka maras ziza ne. A Thomas da Thailand kuwa "t" ce zalla.

Akwai abubuwa uku da Hausa ke sa baki ya yi ba tare da mai bakin ya sani ba, kuma ba kasafai ake koyar da su ba. Na farko, "n" a ƙarshen kalmar Hausa, kamar a "nan" da "can", can baya ake yin ta, kusa da "ng". Idan aka ɗauko wannan zuwa Turanci sai thin ta zama thing, ran ta zama rang. A "n" ta Turanci bakin harshe yana manne da hanƙa, bayan haƙoran sama, har sautin ya ƙare. A "ng" kuwa bayan harshe ne ke tashi, kuma ba a sakin "g" a sing ko singer, amma ana sakinta a finger da longer.

Na biyu, Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa ta mai da kalmomin aro birki, firamare da sukurudireba. Wannan daidai ne a Hausa. A Turanci kuwa wasalin da aka cusa yana ƙara gaɓa, ƙarin gaɓa kuma yana rikita dannawa, har sport ta koma support. Dabarar ita ce ginawa daga baya: ring, pring, spring. Ko kuma ka ja "s" ɗin, "ssss-top", kana rage tsawonta a hankali.

Na uku, baƙi biyu a rubutun Hausa ana furta su biyu, kamar a hannu da kulle. A Turanci ɗaya ake furtawa: letter, happy, grammar. Aikin ninkin shi ne nuna cewa wasalin da ya gabace shi gajere ne, abin da ya raba hopping da hoping, latter da later. Sai a harɗaɗɗun kalmomi irin midday da unnamed ne ake jin ninkin da gaske.

Wasula su ne aikin da ya fi cin lokaci, domin biyar ɗin Hausa, dogaye da gajeru, ba su isa su rufe ashirin ba. Ta wani gefen mai jin Hausa ya yi sa'a, don ya san bambancin dafa abu a wuta da dafa kafaɗa, saboda haka ship da sheep, ko full da fool, ba za su ba shi wuya ba muddin ya san wacce ce wacce. Matsalar tana wajen "a". Hat, hut, heart da hurt kalmomi huɗu ne da sukan fito da sauti ɗaya. A hat baki a buɗe yake, leɓɓa a baje, harshe a gaba, tsakanin "e" da "a". A hut gajeren "a" ne a sake. A heart dogon "a" ne daga can ciki. A hurt kuwa shuwa ce aka ja ta yi tsawo, baki a ɗan buɗe. Wannan na ƙarshen shi ne a bird, learn, first da nurse, duk da bambancin rubutunsu. Work da walk suna rikita kusan kowa, amma akwai sirri: bayan "w", rubutun "or" yakan ba da sautin bird, kamar word, work, world, worse, shi kuma "ar" yakan ba da dogon "o", kamar war da warm. Sannan a kula da "o" ta love, come, money, mother, month da London, sautin hut ne. Son da sun furucinsu ɗaya tak.

Ƙarin dabara guda: abin da ya raba back da bag, ko seat da seed, a kunnen Bature ba baƙin ƙarshe ba ne kawai, tsawon wasali ne. Gaban baƙi mai ziza wasali yakan ƙara tsawo. Ja wasalin bag kaɗan, ka datse na back, an gama.

Ɗafin -ed furuci uku gare shi, kuma sautin ƙarshen aikatau ne ke zaɓa, ba harafi ba. Bayan "t" ko "d" kaɗai yake zama gaɓa: wanted, needed. Bayan baƙi maras ziza "t" ne: walked, stopped, laughed, gaɓa ɗai-ɗai. Bayan sauran "d" ne: called, played. Wasu sifofi ne kawai ke riƙe da cikakkiyar gaɓar, irin naked da wicked. Ɗafin -s haka yake bi: "s" a books, "z" a bags da boys, "iz" a buses da judges.

"A" da "an" ma kunne ke yanke musu hukunci. Idan sautin farko wasali ne, "an". Shi ya sa ake cewa an hour da an honest man, amma a university, a European, a one-way street, domin waɗannan da "y" da "w" suke farawa a baki. Taƙaitattun sunaye suna bin sunan harafin: an MP, an SMS, amma a UN report. "The" ita ma tana sauyawa, ana ƙare ta da "i" gaban wasali, da shuwa gaban baƙi.

Batun Ingila da Amurka bai kai yadda ake kambama shi ba. Duka daidai ne, kuma Turanci ba shi da wata hukuma mai yanke hukunci irin wadda Faransanci ke da ita. Bambancin rubutu irin colour da color, centre da center, ya kafu ne bayan ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 a Ingila da na Noah Webster na 1828 a Amurka. A baki, yawancin Amurkawa suna furta "r" duk inda aka rubuta ta, mutanen kudancin Ingila kuwa sai idan wasali ya biyo ta, shi ya sa car ɗinsu "kaa" ce. Ba'amurke yakan mai da "t" ta water wani ɗan bugun harshe mai kama da "d". Harafin ƙarshe "zed" ne a Ingila, "zee" a Amurka. A ganina, a rubutu ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, a baki kuwa kada ka wahalar da kanka da kwaikwayon hancin kowa. Wanda ya ari "r" ta Amurka alhali yana danna gaɓa a inda ba nan ba ya ƙara wa mai sauraro aiki ne kawai.

Wani lokaci kuma furucin lafiya lau yake, jimlar ce Hausa sanye da rigar Turanci. "Ji" ɗaya ce a Hausa, Turanci ya raba ta: hear na kunne, smell na hanci, feel na jiki, understand na fahimta, don haka ba a "hear" wari. Magani "take" ake yi, ba "drink" ba. Aro ma biyu ne: mai karɓa borrow yake yi, mai bayarwa lend. "Ara mini" ita ce "lend me", ba "borrow me" ba. "Ina zuwa" da mai fita ke faɗa ita ce "I'll be right back", don "I'm coming" tana nufin kana tahowa wajen mai sauraro yanzu. "Sannu" ga wanda ya yi tuntuɓe ba "sorry" ba ce, Bature zai ce ai ba laifinka ba ne, abin da ake faɗa shi ne "Are you all right?"

Wanda ya fi haɗari shi ne amsa korarriyar tambaya. A Hausa idan aka ce "Ba ka gan shi ba?" sai ka ce "E, ban gan shi ba", kana gaskata mai tambaya. Turanci ba ruwansa da mai tambaya, abin da ya faru yake bi. "Didn't you see him?" idan ba ka gani ba amsarta "No, I didn't". Wanda ya ce "yes" ya ce ya gani ke nan. Haka "ko?" ta Hausa tana shiga ƙarshen kowace jimla, amma "isn't it" ba ta da wannan 'yancin, dole wutsiyar ta bi aikatau: "You saw him, didn't you?"

Information, advice, equipment, furniture, luggage da evidence ba su da jam'i kuma ba sa ɗaukar "an" ko "a", sai dai "some advice" ko "a piece of advice". Discuss ba ta son "about" a bayanta. Aikatau na mallaka da sani ba sa ɗaukar -ing a wannan ma'anar, "I have a car" ake cewa. "For" tana tafiya da tsawon lokaci, "since" da mafarinsa: for three years, since 2020. Kuma da zarar ka ambaci lokacin da ya wuce, kamar yesterday, "have" ta fita: "I saw him yesterday".

Game da atisaye, duk sabuwar kalma a duba ta a ƙamus mai murya kafin a fara faɗarta, domin gyara kalmar da baki ya saba da ita a karkace ya fi koyon sabuwa wuya. A cikin rubutun furucin da ke gefen kalmar akwai ɗan gajeren layi a sama, kamar haka ˈ, yana zuwa ne gab da gaɓar da ake dannawa. Shi za a fara nema, sannan a ga inda ə take. Ɗigo biyu bayan wasali na nufin dogo ne. Minti goma zuwa sha biyar a rana sun fi awa biyu sau ɗaya a mako amfani. Ɗauki bambanci guda, misali "p" da "f", ka rubuta tagwaye goma, ka naɗi muryarka a waya kana faɗar ɗaya daga kowane tagwaye ba bisa jeri ba, ka ajiye jerin abin da ka faɗa a gefe. Washegari ka saurara ka rubuta abin da kunnenka ya ji, sannan ka gwada da jerin. Duk inda suka saɓa, nan ne aikin wannan makon. Idan kuwa ka kasa jin bambancin ko a bakin ƙamus, to a dakata da furtawa tukuna, a yi kwana biyu ko uku ana sauraron tagwayen kawai har kunne ya raba su.